Hattara da yadda ake juya wuta tsakanin NEPA da janareta a motocin tafi-da-gidanka

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu ja hankalin masu motocin da aka mayar shago, ɗakin kwana ko asibitin tafi-da-gidanka. Irin waɗannan motoci kan jona wutar NEPA idan sun tsaya a gida ko a ofis, su koma janareta idan an ɗauke. A wurin juyawar ake ɓarna.

Dole ne wutar biyu kada su taɓa haɗuwa ko na ƙiftawar ido. Aikin cenjoba, wato makunnin juya wuta, ke nan: ta yanke layi ɗaya kafin ta haɗa ɗayan. A sa mai yanke waya biyu, ja mai kawo wuta da baƙa mai mayar da ita, tare, mai ƙarfin amp 63, ko da lodin bai kai haka ba. Mai yanke ja kawai tana barin baƙar wayar janareta haɗe da ta NEPA. Igiyar nan kuwa mai fulogi a kowane baki, wadda ake cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket, a yanka ta a zubar. Idan motar na jone da gida, wutar janareta tana komawa ta layi har tiransfoma, ita kuma tiransfoma ta ɗaga volt 230 ɗin zuwa dubu 11. Ma'aikacin Kaduna Electric da ya hau falwaya yana zaton layi a mace yake, shi zai kwana ciki. In kuma aka kawo wuta ana cikin haka, kwayil ɗin janareta ne zai ƙone.

Ga yadda ake yi idan an ɗauke. A kashe esi, firji, hita da duk mai jan wuta da yawa. A sauke babbar bireka. A tayar da janareta ya yi minti 2 zuwa 3 babu lodi, a duba mita tana nuna kusan 230, sannan a juya cenjoba, a ɗaga bireka, a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, babba tukuna. Esi da firji a ba su aƙalla minti 3 zuwa 5 kafin a sake kunna su. In aka yi gaggawa, gas ɗin da ke ciki bai daidaita ba, kwamfreso zai yi ta gurnani ya kasa tashi, ya ja wuta ninki uku ko fiye. Janareta mai kVA 2.5 abin da zai ba ka bai wuce amp 10 ko 11 ba, don haka a yi lissafi. Juya cenjoba da lodi a kai kuma shi ke sa tartsatsi ya cinye haƙoranta, har ka buɗe ka tarar sun yi baƙi, robar ta narke tana wari.

Idan an kawo wuta, kar a yi rawar jiki. Sau da yawa tana zuwa da ƙarfi ko ta yi ƙasa, ko ta sake tafiya. A jira minti 5, a sauke lodi, a juya, a bar janareta ya huce minti 2 kafin a kashe.

Abin da ya bambanta mota da gida shi ne jikinta ƙarfe ne, kuma tana kan taya. Idan koriyar waya, wadda ke kai wutar da ta zurare ƙasa, ta tsinke, duk jikin motar na iya ɗaukar wuta, mai kama ƙofa da ƙafa a ƙasa ya zama hanyarta, musamman da damina. A ɗaure koriyar waya a jikin motar, a sa birekar da ke yankewa idan wuta ta zurare, mai milliamp 30, a danna maɓallin gwajinta a kan NEPA, a sake dannawa a kan janareta. Igiyar jonawa ta zama mai kauri 4mm, kuma a warware ta duka, domin a naɗe zafi take yi.

Janareta kuma a waje, kamar mita 6 daga taga, bakin salansa ya juya wa motar baya. Hayaƙinsa mai kisa ba ya da wari.

Daga wasu masu aikin wayarin,
Panteka, Kaduna.