Amsar kacici-kacicin ƙofofi uku ba rabi da rabi ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ma'abocin shirinku ne na wasa ƙwaƙwalwa na daren Juma'a, amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa ni ɗaukar biro shi ne kacici-kacicin ƙofofi uku da kuka kawo makon jiya, wanda ya hana majalisarmu ta Ƙofar Marusa sakat har kwana huɗu.

Ga yadda mai gabatarwa ya faɗe shi. Ƙofofi uku ne a rufe, bayan ɗaya akwai mota, bayan sauran biyun akuya. Ka canki ɗaya. Mai shirin, wanda ya san inda motar take, sai ya buɗe ɗaya daga cikin biyun da ka bari ya nuna maka akuya, sannan ya ce ko ka tsaya a kan zaɓinka, ko ka koma ɗayar da ta rage. Bayan masu kiran waya sun gama, mai gabatarwa ya yanke hukunci cewa duk ɗaya ne, tunda ƙofa biyu suka rage, rabi da rabi ke nan. Ina neman afuwarsa, amma amsar ba haka take ba. Wanda ya sauya yana dacewa sau biyu cikin uku, wanda ya tsaya kuwa sau ɗaya cikin uku.

Ba zan ga laifinsa ba, don ni ma a daren nan gyaɗa kai na yi. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a firamare kafin in yi ritaya, kuma ban ga abin musu a ciki ba. Ɗiyata ce, da ke karatun lissafi a jami'a, ta ce daga bakin ƙofar ɗaki, “Baba, a gafarce ni, sauyawa ta fi.” Na ce mata tun ba a haife ta ba nake riƙe da alli. Ta yi shiru, ta ce in gwada kawai. Na fita da niyyar in gwada ɗin in dawo in kunyata ta.

Bayan sallar isha'i na sa mai shayinmu ya kife kofunan roba uku a kan tebur, muka sayi dabino rabin kwano. Shi ke ɓoye ɗan dabino ƙarƙashin kofi ɗaya, kowa ya juya baya. Muka sami mutum biyu, wani tela da wani direban tasha. Kofi ɗaya suke canka tare, mai shayi ya ɗaga wani kofin da ya san ba komai a ciki, daga nan tela ya tsaya a kan na farko, direba ya koma ɗayan. Kun ga ke nan a kowane zagaye dole ɗayansu ya ci dabinon, kuma muka ce kowa ya tara ƙwallayensa a gabansa. Tun ana raha har aka daina. Kafin a yi zagaye talatin, tulin ƙwallayen gaban direba ya kusa ninka na tela. Tela ya miƙe ya ce, “Wallahi wanga yaro ƙifta mishi ido yake!” Aka karɓe kofunan aka ba ni, ni da nake bayan tela. Ba abin da ya canza, sai ma cikin direba da ya fara ƙugi.

A hanyar gida na gane inda muka yi tuntuɓe. Duk mun ɗauki buɗe kofin nan kamar iska ce ta kaɗa shi ya faɗi. Alhali mai buɗewa ya san inda dabinon yake, kuma hannunsa a ɗaure yake: ba zai taɓa kofinka ba, ba zai kuma tona dabinon ba. To ka duba. A cankarka ta farko, sau ɗaya cikin uku kake dacewa, sau biyu ka kuskure. Duk lokacin da ka kuskure, dabinon yana cikin biyun da ka bari, mai shayi ba shi da zaɓi sai ya ɗaga marar komai ya bar mai dabinon a kife. Wato shi da kansa ya tsince maka tsakuwa ya bar maka tsaba. Mai sauyawa ba ya faɗuwa sai in tun farko ya dace, kuma wannan sau ɗaya ne cikin uku. Da na maimaita wannan washegari, limaminmu, wanda ya saba da rabon gado, shi ya fara kamawa. Ya ce, “Malam, ai kofinka sulusi ne tun farko, sauran biyun suna da sulusi biyu. Ɗayansu ya tashi ba komai, kason ya tattara a kan ɗan'uwansa.”

Tela bai yarda ba sai da na kawo masa misalin jiharmu. Na ce a ɗauka an ɗaure rago a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Katsina, aka ce ka canka, ka ce Rimi. Sai wanda ya ɗaure ragon ya fara lissafo inda ba ya nan: ba ya Funtuwa, ba ya Jibiya, ba ya Kankiya, ba ya Malumfashi, haka har ya soke 32, ya bar Riminka da Baure. Na ce, “Maigida, Rimi za ka nufa ko Baure?” Ya yi dariya ya ce ko yaro ya san akwai dalilin da ya sa aka tsallake Baure. Rimi dai kai ka faɗe ta da ka, ɗaya cikin 34. Baure kuwa wanda ya sani ne ya bar ta. Da ƙofa uku ma haka abin yake, ƙanƙantar adadin ce ke rufe ido.

Ɗiyata, da ta ga na dawo ina kame-kame, ita ta ba ni tarihin abin, ni ma na bi na duba. Sunan kacici-kacicin ya samo asali daga Monty Hall, haifaffen Kanada, tsohon mai gabatar da shirin talabijin na Let's Make a Deal da aka fara a Amurka a 1963. Wani masanin ƙididdiga, Steve Selvin, shi ya rubuta shi a wasiƙa zuwa ga wata mujallar masana a 1975. Amma ƙurar ba ta tashi ba sai 1990, lokacin da Marilyn vos Savant ta amsa shi a filinta na mujallar Parade, ta ce a sauya. Wasiƙu kusan dubu goma suka zubo mata, mafi yawa suna cewa ta yi kuskure, kusan dubu ɗaya daga masu digirin digirgir. Har Paul Erdős, ɗan Hangari, wanda yake cikin manyan masana lissafi na ƙarnin da ya wuce, bai gamsu ba sai da aka nuna masa gwajin a kwamfuta. Saboda haka mai gabatarwarku ya kwantar da hankalinsa, yana cikin manyan baƙi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010, inda aka gwada tattabaru da irin wannan wasa. Da aka yi ta maimaitawa, tattabarun suka koyi sauyawa kusan kullum, mutanen da aka gwada kuwa ba su kai su ba. Ga alama tattabara ba ta jin nauyin a ce ta canza magana.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne nake roƙon ku yi hattara in za ku gyara. A dare na uku yaron mai shayi, yana miƙa burodi, ya buge kofi ɗaya da gwiwar hannu, kofin ya tashi ba komai. Direba ya ce a ci gaba, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Yaron bai san inda dabinon yake ba, da ma yana iya tona shi wasan ya lalace. In mai buɗewa bai sani ba, sa'a ce kawai ta sa ya buɗe marar komai, to a nan amsar mai gabatarwarku ta zama daidai, rabi da rabi. Haka kuma dole ya zama ƙa'ida ce a ba ka damar sauyawa kowane lokaci. In mai shirin yana da ikon ya yi tayin sai ranar da ya ga ka dace, sauyawa ta zama tarko. Monty Hall da kansa ya nuna wa wakilin jaridar New York Times haka a 1991, cewa a shirinsa na ainihi ba dole ba ne ya yi tayin. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ko Charanci ya san in dillali ya matsa maka ka ajiye wadda ka kama ka ɗauki wata, sai ka ƙara duba haƙoran wadda ke hannunka.

Wani dattijo a majalisa ya ce wannan duk koyar da caca ne. Na ce masa ba wanda ya zuba ko sisi, dabinon ma ni na saya, kuma lissafin da ke ciki shi ne manomi ke yi in yana auna ko ya yi shuka da ruwan farko. Wani kuma ya ce shi bai ga asara ba, a ba shi akuyar, in ja ce mai ciki ma ya gode. Wannan kam ban iya musa masa ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake kawo tambayar a shiri mai zuwa, ku faɗi sharuɗɗan biyu a fili: mai buɗewa ya san inda motar take, kuma dole ne ya yi tayin sauyawa. Sannan kada ku ba da amsa. Ku ce kowa ya nemi kofi uku da abokin wasa ya yi zagaye talatin, a kira ku da abin da aka samu. Telanmu ya ce shi ma zai kira, amma har yanzu yana nan a kan cewa a canza masa kofunan.

Na gode.

Mai sauraronku,
Tsohon malamin firamare,
Ƙofar Marusa, Katsina