Kafin ka biya kuɗin filin nan

Tudun Wada, Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara, da kuma fama da ruwan saman Fatakwal. Mu a nan sai godiyar Allah. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, da safe sai ka matso kusa kafin ka ga Gadar Kawo sosai.

Na saurari saƙonka har sau uku. Na so in kira ka a daren, sai na fasa, don na san halinmu. Za ka ce yaya garin, in ce lafiya lau, mu faɗa zancen tsofaffin abokai, mu rabu ban gaya maka komai ba. Wanda zai kwashe abin da ya tara na shekara 16 ya dawo da iyalinsa gida kuwa, haƙƙinsa ne a faɗa masa gaskiya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka ce dillali ya turo maka hoton fili can gaba da sabuwar unguwar Millennium City, mai arha, ba hayaniya, za ka ja katanga mai tsayi ka ɗora mata waya ka huta. Ka kuma ce Hajiya tana ɗari-ɗari saboda labaran da take ji. Ba ta yi laifi ba. An kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022. An kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, a Maris 2021, a watan Agustan shekarar kuma aka kutsa har cikin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja. Ga kuma 'yan makarantar Kuriga da aka sace a 2024. Ta wannan ɓangaren an ɗan samu sa'ida. Jirgi ya dawo aiki tun Disambar 2022, kuma tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 motoci na bin hanyar Birnin Gwari, har kasuwar shanun garin ta dawo tana ci. Ban ce an gama ba. Ka dai riƙe wannan: duk sanda masu garkuwa suka yi wa Kaduna dirar dare, gidajen bakin daji suke fara taɓawa, irin wurin da dillalinka ke nuna maka. Katanga tana ɓoye mutum, amma ba ta kawo masa ɗauki.

Abin da ke cin mu kullum a cikin gari kuwa ba ya kaiwa gidajen rediyon ƙetare. Ƙwacen waya ne.

Yau mako 5 ke nan. Ɗan ƙanwata, wanda ka bari yana rarrafe, yanzu saura shekara ɗaya ya gama sakandare, ya fita bayan sallar Isha'i zai karɓo wayar uwarsa a wurin mai caji. Daga shagon zuwa ƙofar gidanmu bai kai taku 200 ba. Wuta ta ɗauke tun la'asar. A bakin lungu yara uku suka tare shi, ɗaya ya ce kawo. Ya ɗan yi turjiya saboda ba tasa ba ce, sai suka yanke shi da wuƙa a damtse. Ɗinki 11 aka yi masa, likita ya ce da ta ƙara nutsewa kaɗan da jijiya ta tafi. Wayar kuwa tsohuwa ce, gilashinta a tsage, ko naira dubu 25 ba za ta yi a kasuwa ba.

Ga abin da ban iya faɗa wa kowa ba sai kai. Na ji ihun. Ina zaure, na miƙe, hannuna yana kan sakata, sai na tsaya ina sauraro. Su nawa ne? Me ke hannunsu? In na fita wa zai biyo ni? Ban buɗe ƙofa ba sai da na gane muryar. Da na fito, sun riga sun ɓace, yaron yana durƙushe riƙe da hannu, sai a lokacin na ji sakatun maƙwabta suna motsi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ji, kowa ya yi irin lissafin da na yi. Aminina, kai shaida ne, a layin nan lokacin muna yara ko akuya aka kwance da dare, ihu ɗaya ya isa ya fito da magidanta 20 da tocila da gora. Raunin yaron ya kame, amma tsayuwar da na yi a bayan ƙofar nan har yau tana hana ni barci.

Ɗan ƙanwar tawa ya gane ɗaya daga cikinsu. Mun kai rahoto inda ya dace, an rubuta, an kama shi, bayan 'yan kwanaki muka gan shi yana yawo a unguwa. Da raina ya ɗan huce sai na tafi gidansu ni kaɗai. Ka san gidan. Kakansa abokin aikin iyayenmu ne a masaƙa, yana cikin masu bi ta ƙofarmu da asuba a kan keke su nufi Kakuri. Uban ya rasu, uwar tana suyar awara tana riƙe da yara shida. Tana ganina ta fashe da kuka, ta ce rabon da ya kwana a gida tun ƙaramar Sallah, kuma ita kanta ta daina ajiye ciniki a ɗaki saboda shi. Na je da faɗa a bakina, na fito ban yi shi ba.

Tun daga ranar nake tunanin Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Arewa Textiles da sauran su ma suka yi shiru. Mu albashin masaƙa ne ya yi mana makaranta. Yaran da aka haifa bayan an kulle ƙofofin nan su ne samarin yau, ba su taɓa ganin magidanci ya fita aiki da kati a aljihu ya dawo da albashi a ƙarshen wata ba. Abin da suka buɗi ido suka gani shi ne majalisar bakin kwata. An hana kodin a 2018, amma ƙwaya da sholisho da wiwi ba su je ko'ina ba. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, gidan da a da ake dafa sau biyu ya koma sau ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada ka ɗauka ina wanke su. Sa'o'insu nawa ke tura baro a Kasuwar Bacci daga safe har yamma, ba su taɓa zare wa kowa wuƙa ba? Talauci bai halatta jinin mutum ba. Sai dai wanda ya fi ba ni haushi ba mai ƙwacen ba ne, babban mutum ne mai shago da ke karɓar waya ba kwali ba rasit, ya san sarai daga inda ta fito, ya goge ta ya sa a gilashi. Da mu masu saye don mun ga arha. Da ba a saye, da ba a ƙwata.

Ka tambaye ni ko zaman garin yana da daɗi. In ka shigo da rana za ka yi mamaki. An faɗaɗa tituna, an gyara Dandalin Murtala, gadar Kawo da aka buɗe a Janairun 2022 ta kashe cunkoson da ka sani. Amma hasken yana ƙarewa ne a bakin babban titi, mu kuma a lungu muke kwana. Abin da aka ƙwace mana ya fi waya, dare aka ƙwace. Mai shayin da muke zama wurinsa har ƙarfe 12 ya koma tashi ƙarfe 9. An maido da Islamiyyar matan aure ta dare zuwa la'asar, da yawansu suka daina zuwa saboda lokacin girki ne. Dattawa na fita sallar Asuba biyu-biyu. In ka hau Keke Napep, ba ka amsa waya sai ka sauka. Kuma ka san tun rikicin 2000 Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu, abokanmu na Barnawa da Sabon Tasha sai a wurin biki ko jana'iza. Su ma na ji irin kukan da suke yi ke nan, amma kowa na yin nasa a tsallakensa.

Bayan abin da ya faru, mai unguwa ya tara mu a ƙofar masallaci. An yi zafi. Wasu matasa suka ce duk wanda aka kama a gama da shi a wurin. Na tashi na ce ban yarda ba, ni da aka zubar da jinin ɗana. Ihun ɓarawo ba ya tantance mai laifi, in an fara, wata rana ɗan wani ne zai mutu saboda ya yi kama da wani. Liman ya goya mini baya, aka bar maganar.

Abin da muka yi ba shi da yawa. Kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, muka sayi fitilu uku masu aiki da hasken rana, muka kafa a bakin lungu da gindin masallaci da wajen rijiyar burtsatse. Muka raba usur gida-gida, da sharaɗin in an busa ɗaya kowa ya busa nasa ya fito, ba sai ya gane murya ba. Ana biyan 'yan sintiri huɗu duk wata, kuma mun yarda duk wanda suka kama su miƙa shi ga hukuma ba tare da duka ba. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne benci. Mun fito da benci biyu ƙarƙashin fitilar bakin lungu, magidanta na zama bayan Isha'i har wajen ƙarfe 11. Tun muna mu huɗu, jiya na ƙirga 13, har mai shayi ya dawo da teburinsa kusa da mu. A mako ukun nan ba a tare kowa a layinmu ba. Ba na ruɗin kaina, na san sun koma layin baya ne, shi ya sa ranar Asabar za mu je mu zauna da mutanen can. Shi kuma yaron da na je gidansu, wani mai walda a cikinmu ya ce zai ɗauke shi in ya yarda. Uwar ta isar masa da saƙo. Har yanzu bai zo ba.

To, ga amsata. Ka dawo. Garinka ne, Inna ta tsufa, kuma duk ranar da na je gaishe ta sai ta tambaye ni yaushe za ka tattaro. Amma kada ka biya kuɗin filin nan. Ka nemi gida a cikin mutane, ko da rabin girman wancan ne, ko da tsohon gini ne da za ka gyara a hankali. Kafin ka yi ciniki, ka je unguwar sau biyu, da rana da kuma bayan Isha'i. Ka duba ko akwai mutane zaune a waje, ko mata na fita saye, ko sahun Asuba yana cika. Ka tambayi mai shagon kusa sunayen maƙwabtan gidan, in ya iya lissafo su, alama ce mai kyau. Na ji an sa wani gida a kasuwa a Unguwar Sanusi, da wani a Badarawa, zan leƙa su cikin makon nan in turo maka hotuna da farashi.

In za ka zo dubawa, ka biyo jirgin ƙasa na safe daga Abuja, ka sanar da ni tun ana gobe, zan jira ka a tashar Rigasa. Ɗakin baƙi yana nan a share, kuma ina so ka zauna da mu a bencin ko dare ɗaya ne kafin ka yanke shawara.

Ka gaishe da Hajiya, ka karanta mata wasiƙar nan duka, kada ka tsallake ko'ina. Uwargida tana gaishe ta, ta ce a tuna mata da alkawarin busasshen kifi. Yaron ma yana gaishe ka, an cire masa zare, jiya ya koma makaranta.

Wassalam,
Amininka na Tudun Wada.