A Rubuta Mana Gajerun Wasannin Tarihi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in kai kukan ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na dandamali ga marubutanmu.

Mu bakwai ne a ƙungiyarmu, muna yin gwaji a ajin wata firamare bayan an tashi, labulenmu kuwa zannuwa biyu ne da muke ratayawa a igiya. Duk sanda muka so nuna tarihi, sai mu tarar wasannin da ke hannunmu suna bukatar fada cike da hakimai da dogarai da 'yan lifida, alhali mu ko rawani ɗaya aro muke yi.

Bara muka gaji, muka tsara namu na minti ashirin da biyar, a kan ranar 3 ga Fabrairun 1903, ranar da Turawan Ingila suka ci Kano bayan Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ba mu nuna yaƙi ba ko kaɗan. Tsakar gidan wani marini muka nuna, hannuwansa rine da baba, matarsa tana ƙulla kaya a tsumma tana cewa a gudu, tsohuwarsa kuma ta zauna a tabarma ta ce ba za ta bar garin da aka binne cibiyarta ba. Ƙarar igwa, wani yaro ne yake dukan durom a bayan labule. Da aka tashi, wata dattijuwa ta riƙe hannun yarinyar da ta fito a matsayin tsohuwar, ta ce haka kakarta take ba su labarin zuwan Nasara. Har yau maganar nan tana raina.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matan fada sun daɗe suna kwaikwayon sarki da fadawansa a wasan Gauta, yara kuma suna fita tashe daga goma ga watan azumi da gemun auduga da tsofaffin riguna. Jami'ar Ahmadu Bello ma da ƙasa ta gina dandalin wasanta a Zariya tun shekarun 1970.

Saboda haka nake kira ga marubuta da malaman sassan Hausa da na tarihi su haɗa kai su rubuta mana wasannin da mutum biyar ko shida za su iya ɗauka cikin rabin awa. Ga basasar Kano ta 1893, ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi, ga boren da mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi wa Turawa a 1906. Sai dai a bi a hankali, a tabbatar da kowace magana kafin a sa ta a bakin ɗan wasa, domin zuriyar mutanen nan suna raye, wataƙila ma suna cikin 'yan kallo.

Kai kuma, Edita, da za ka ware shafi ɗaya kowane wata kana buga irin waɗannan wasanni, da mun yanke shi mun tafi da shi wurin gwaji.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, daga Kano