A ba matasa kujera a majalisar ikilisiya

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyayenmu dattawan ikilisiya.

Duk wanda ya leƙa majami'armu ranar Asabar da yamma zai tarar da matasa suna share daɓe, suna jera benci, wani yaro na fama da janareta har hannunsa ya yi baƙi ƙirin. Ranar Lahadi su ne a kan ganga da jita, in an yi rasuwa kuma su ke haƙa kabari cikin rana. Amma ranar da majalisa za ta zauna kan kuɗin baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa a majami'a, sai a ce musu yara ne, su jira a waje. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Iyayenmu, ku tuna zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS da aka kafa a Gindiri ta Jihar Filato a 1957. Fastoci da dattawa da yawa a ikilisiyoyin ECWA da COCIN a cikinta suka fara buɗe baki su yi wa'azi, tun suna sanye da kayan makaranta. Manzo Bulus ma ya gargaɗi Timoti kada ya bari a raina ƙuruciyarsa.

Roƙona shi ne kowace majalisa ta ware kujeru biyu, ɗaya ta saurayi, ɗaya ta budurwa, da ikon jefa ƙuri'a. A kuma cire wani kaso na baiko don koya musu ɗinki, walda da gyaran waya. Ɗalibaina uku sun daina zuwa sujada bana, ukun kuma zaman banza suke yi.

Naka,
Malamin makarantar Lahadi, Jos