Dogon Hutun Damina: Mu Nuna wa Yaranmu Birnin Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan uwana mazauna birnin Kano, da kuma waɗanda Allah ya ɗora wa nauyin kula da wuraren tarihinmu, a kan yadda dogon hutun makaranta yake wuce mu kowace shekara ba tare da yaranmu sun ci moriyarsa ba.

Wannan hutu, wanda yake somawa a ƙarshen watan Yuli ya kai mu cikin Satumba, a ƙasashen Turai da Amurka yana faɗowa ne a lokacin zafinsu, shi ya sa suke cika shi da bukukuwa da yawon buɗe ido. Mu kuwa a nan tsakiyar damina yake riskar mu, lokacin da zafin bazara ya wuce, ƙura ta kwanta, itatuwa suka yi kore, har mutum yana iya tafiyar ƙasa da hantsi bai jigata ba. Duk shekara babu lokacin da ya fi wannan daɗin zaga gari da yara, in dai an lura da hadari. Amma me muke yi da shi? Mai hali ya kwashi iyalinsa zuwa Dubai ko Masar, matsakaici ya sake mayar da yaro aji da sunan lesin, kamar wata tara da ya yi a kan benci ba su isa ba, saura kuma a miƙa musu waya su wuni a kanta, ko a bar su suna gararamba a lungu. Mafi tayar da hankali shi ne waɗanda suke faɗawa wanka a kududdufai da suka cika suka batse, abin da kusan kowace damina yake jawo wa wasu gidaje zaman makoki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da na yi da jikana mai shekara 12 a farkon hutun bara. Yaron nan a Kano aka haife shi, a Kano ya tashi, yana iya jero mini sunayen 'yan ƙwallon ƙungiyoyin Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma da na tambaye shi ko wane ne Barbushe, shugaban mutanen Dala na zamanin da, sai ya yi shiru. Dutsen Dala kuwa hango shi kawai yake yi daga cikin adaidaita sahu. Na shafe fiye da shekara talatin ina koyarwa a firamare, saboda haka abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na ga cewa laifin ba na yaron ba ne, namu ne da muka ɗauka cewa sanin gari gado ne da ake haihuwar mutum da shi. Daga ranar na ƙudura cewa kowace Asabar ta hutun zan fita da shi da ƙannensa mata biyu da ɗan maƙwabcinmu, mu ga wuri ɗaya a cikin birni.

Da Dala muka fara, da safe, bayan an kwana ana ruwa. Mun hau matakala a hankali, ina tsayawa ina hutawa, su kuwa suna ta rige-rige. Da muka kai sama sai duk suka yi tsit. Ga Goron Dutse can yana fuskantar mu, ga hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a na kusa da fada, ga rufin kwano iya ganin ido, ga kududdufai suna ƙyalli a tsakanin unguwanni. A nan na zaunar da su na ba su labarin mutanen da suka fara zama a gindin dutsen suna haƙar tama suna ƙira, da Barbushe da abin bautarsu Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda littafin tarihin Kano ya sanya farkon sarautarsa a shekarar 999, da Sarki Gijimasu wanda ya soma ginin ganuwa. Ƙaramar cikinsu ta ce da ni, "Kaka, ashe gidanmu a cikin labari yake?" Ban taɓa samun irin wannan tambaya ba a duk shekarun da na yi ina koyar da tarihi a kan allo.

Amma wurin da ya fi kama zukatansu shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda aka sanya kafuwarta a shekarar 1498. Ina so masu karatu su ba ni dama in ɗan tsaya a nan, domin na tabbata akwai dubban Kanawa da suke wucewa ta gabanta kullum ba su taɓa leƙawa ciki ba. Ramuka ne masu zurfi a jere a ƙasa, wasu an rufe su, wasu kuma cike da ruwan rini da aka haɗa da baba da toka da kanwa aka bar shi kwanaki har ya nuna, kumfa mai shuɗi tana yawo a samansa, warinsa kuma yana tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Wani dattijon marini, wanda hannuwansa suka rine har wuyan hannu, ya kira yaran ya ce su matso su duba da kyau. Ya tsoma farin ƙyalle ya jujjuya, ya ɗago shi, sai ga shi kore-kore. Jikana ya ce ai rinin bai kama ba. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri ɗana, bari ya sha iska." A kan idonmu ƙyallen ya riƙa sauya launi har ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa ya ɗago, ya bayyana musu cewa yawan tsomawa da shan iska ne suke sa shuɗin ya yi duhu. Daga nan ya nuna mana yadda mata suke ƙulle yadi da zare a gida kafin a kawo, ta yadda in an kwance bayan rini zane zai fito, sannan muka leƙa wurin mabuga, inda ake dukan tufa da manyan guduma na itace har ta yi sheƙi. Na gaya wa yaran cewa irin wannan baƙin yadi ne fatake suka riƙa ketare Sahara da shi, kuma shi ne rawanin da Buzaye suke alfahari da shi har yau. Abin da malamin kimiyya zai yi mako yana bayani a kan aikin iska, sai ga shi yara sun gani cikin minti biyar. Kafin mu tafi dattijon ya ce da ni, "Malam, ka riƙa kawo su, don Turawa sun fi 'ya'yanmu zuwa nan." Na kuma ga da idona cewa ramukan da ba a aiki da su sun fi waɗanda ake aiki da su yawa, domin yadin kanti da rinin zamani sun janye kasuwar.

Asabar ta uku muka je Gidan Makama, daura da fadar Sarki, gidan da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarauta. Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano. A gidan yara suka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da sulke da kayan yaƙi, da hotunan Kano bayan shigowar Turawa a 1903. Ginin kansa darasi ne, domin sun taɓa kaurin bangon ƙasa, sun ɗaga kai sun ga bakan gizon rufin soro da azara, sun kuma ji yadda soro yake da sanyi ba fanka. Sauran makonnin muka raba su tsakanin Kurmi, inda suka ga dukawa da masu sayar da kayan doki da layin masu littattafan addini, da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, da gidan zu da marigayi Audu Bako ya kafa, da ɗakin karatu na Murtala Muhammed. Duk fitar da muka yi, kuɗin mota da na shiga da gasasshiyar masara ko gurasa bandashe da muke ci a hanya ba su kai abin da ake biya wa yaro ɗaya na lesin ba.

Na san akwai masu cewa gari ba lafiya, ga masu ƙwacen waya, ga faɗan daba a wasu unguwanni, don haka gara yaro ya zauna a gida. Wannan tsoro gaskiya ne, ni ma ina da shi, shi ya sa muke fita da safe mu dawo kafin la'asar, kuma ba na barin yara su riƙe waya a hanya. Sai dai kulle yaro ba ya maganin abin. Matasan da suke tare hanya da makami su ma yara ne da suka tashi ba wanda ya kama hannunsu ya nuna musu wani abin da ya fi zaman majalisar banza. Akwai kuma masu ƙyamar a ambaci Tsumburbura a gaban yara. A ganina yaron da ya san abin da kakanninsa suke bauta wa kafin zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, shi ne zai fi sanin girman ni'imar da Allah ya yi wa garin nan.

Ba wuraren tarihi kaɗai nake nufi ba. A da, in an yi sallar isha'i kuma akwai farin wata, dandali yakan cika, 'yan mata suna gaɗa da carafke, samari suna langa da kokawa, tsofaffi mata kuma suna tatsuniya da kacici-kacici a tsakar gida. Yanzu filayen an yanka su an yi shaguna, kuma 'yan mata ne suka fi asara, domin namiji ko ba komai yana da ƙwallon unguwa, ita kuwa mace daga wanke-wanke sai talla ko kallon fim. Ban ga abin da zai hana mai unguwa da limami da ƙungiyar ci gaban unguwa su nemi aron harabar makarantar firamare, wadda take kulle duk tsawon hutu, a ware yammaci biyu a mako ba. A yi gasar langa da dara, a yi musabaƙar Alƙur'ani da kacici-kacici, a gayyato wata dattijuwa ta koya wa yara mata saƙa da ɗinkin hula, a kuma tabbata cewa almajiran tsangayar unguwa suna ciki, domin su ma yaran garin ne.

Ga hukumomi kuwa roƙona kaɗan ne. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da masu kula da gidajen tarihi su fitar da tsarin hutu tun kafin a rufe makarantu, a sanar a gidajen rediyo, a ware ranakun da yara za su shiga kyauta ko da rangwame. A ɗauki ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantunmu su zama 'yan rakiya masu bayani da Hausa, a ba su ɗan abin sayen sabulu. A wani wuri da muka je mun tarar da shara da bahaya a inda ya kamata baƙo ya tsaya, kuma ba mu sami ko allo ɗaya mai bayani ba, wannan kuwa gyaransa ba ya bukatar miliyoyi. Sai maganar ganuwa, wadda ruwan sama yake zaizayewa a kowace marka, mutane kuma suke ɗiba suna gini a kanta. In ba a tsaya mata ba, nan gaba kaɗan sunayen Ƙofar Na'isa da Kabuga da Mazugal da Ɗan'agundi za su zama sunayen tashar mota kawai a kunnen yaranmu.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma duk Bakano ya yi murna. To amma da yake watan Musulunci yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, sallolin biyu sun riga sun fita daga cikin dogon hutu. Abin da ya shigo cikinsa a waɗannan shekaru shi ne Mauludi da Takutaha, ranar da Kanawa suka saba yin tururuwa zuwa Dala. Ina roƙon a shirya wa wannan rana tun da wuri, a gyara matakala, a zuba jami'an tsaro da masu agajin gaggawa, a kuma ware lokacin safe domin mata da ƙananan yara.

A hutun bana na yi alkawarin kai yaran Majema su ga yadda ake jimar fata, sannan mu bi ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya suna rubuta sunayensu a littafi. Iyaye uku a layinmu sun riga sun ce za su haɗa nasu yaran da nawa, har ɗaya daga cikinsu ya ɗauki nauyin kuɗin mota.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Gwale, Kano.