Addu'ar arba'in ta Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Ranar Juma'a mai zuwa, bayan La'asar, za a yi addu'ar arba'in ta Baba a gidansa na Agege. Na kusa su daure su zo, na nesa a sa shi a addu'a.

Yaranmu da tsufa suka san shi, yana kan tabarma da rediyo a kunne. Yana saurayi ya shiga soja, da shi aka yi yaƙin basasa tun 1967 har aka gama a Janairun 1970. Ba ya son zancen. In an matsa masa sai ya ce Allah kada ya maimaita, ya ja carbinsa.

Da ya ajiye kaki ya kama aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Yana can a 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni suna jiran a sauke musu kaya. Duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya ji kantar aikin nan a tafin hannunsa.

Albashi na shigowa, na Hajiya a Katsina yake fara cirewa, sannan kuɗin makarantarmu. Marayun ƙaninsa biyu a gidansa suka tashi, ni ne ɗaya, kuma ban taɓa jin ya kira ni da ɗan ƙani ba. Ɗana kawai yake cewa.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. Mai gudummawar abinci ya tuntuɓi Yaya babba kafin Laraba.