Wasiƙa ga Edita: Mun karɓi Juma'ar ragi, mun manta da lokacin kaka

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas a kan wani abu da ya tsaya mini a rai.

A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, wajen ƙarfe tara na dare, ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, can kuwa ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Ya ce, "Baffa, dubi inda aka gayyace ni," sannan ya juya wayar ya nuna mini dogon tebur a gidan malaminsa, an ajiye gasasshen talotalo a tsakiya, ga dankali, ga wani abin zaƙi da aka yi da kabewa. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne mutanen, domin wasunsu tafiyar yini guda suka yi don wannan zama kaɗai, kuma kafin kowa ya kai loma sai da aka zagaya kowa ya faɗi abin da yake godiya a kansa a wannan shekara.

Wannan shi ne bikin godiya na Amurkawa. Suna danganta asalinsa da shekarar 1621, lokacin da baƙi daga Ingila da suka sauka a Plymouth suka ci abinci tare da mutanen ƙabilar Wampanoag bayan girbinsu na farko. Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan majalisar dokokinsu ta tsayar da ita a doka a 1941. Tarihin yana da ɗaci ga 'yan asalin ƙasar, har ma tun 1970 wasunsu ke taruwa a Plymouth suna zaman makoki a ranar, don haka ba kira nake mu ari bikin ba.

Abin da ya iso mu daga wannan mako shi ne washegarin bikin, wato Black Friday, Juma'ar ragin farashi, wadda yanzu shagunan Ikeja da na intanet ke cika mana kunne da tallarta tun farkon wata. Mun karɓi ranar kashe kuɗi hannu bibbiyu, alhali muna da lokacin godiya namu na gado, wato kaka. Na tashi a wani ƙauye na ƙasar Katsina, kuma har yau ina jin ƙamshin tumu idan aka gasa zangarniyar sabon gero a garwashi, yara muna murza shi a tafin hannu muna hurawa. Ina tuna kakanmu a tsaye bakin rumbu yana ƙirga dammuna, duk na goma sai ya sa a ware shi gefe, yana tunatar da mu ayar Suratul An'am da ta ce a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Daga nan sai a dama fura, 'yan'uwa na nesa su zo, samari kuma su shiga hidimar kalankuwa.

A nan Legas kuwa, za ka tarar da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wannan yana sayar da albasa a Mile 12, wancan yana Idi-Araba, amma sai ta'aziyya ko suna ke haɗa su, kowa yana fakewa da cunkoson hanya. Ko da Sallah ma rabinmu sun tafi gida, sauran suna bakin kasuwa. Ni kaina ban kuɓuta ba, domin na yi wata bakwai ban taka gidan yayata ba, ga shi kuɗin mota bai kai na katin wayar da nake saya ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun san gero a leda, amma da yawansu ba su taɓa ganin dami ba.

Bayan kiran nan, da buhun sabon gero ya iso mini daga gida a motar kaya, sai na tara dangi ranar Lahadi. Mutum goma sha tara muka zauna a tabarma, uwargida ta yi tuwon gero da miyar kuka, yayata ta ba yara labarin gonar mahaifinmu, muka kira tsohuwarmu a waya kowa ya gaishe ta. Ina kira ga limamanmu da sarakunan Hausawa na unguwanni da su riƙa tunatar da jama'a irin wannan zama idan kaka ta yi. Mu dai mun riga mun tsayar da cewa baɗi, in Allah ya kai mu, a Idi-Araba za a taru, yayata kuma ta ce furar a wuyanta take.

Daga wani mai karatu,
Agege, Legas.